Zauren Tambaya: Marayan ruwan da ya afka wa Japan a 1700

Assalamu alaikum. Takardu huɗu na ware a wannan watan, dukansu kan ruwan teku, abin da ya ɗan ba ni dariya, don mu nan Maraɗi babban ruwanmu Gulbi ne in ya kawo, sai tabkin Madarumfa. Ni kaina na yi shekaru ina zana wa yara teku a allo kafin in gan shi da idona. Sai da na haura arba'in na taka bakinsa a Kwatano, na ɗebo da hannu na ɗanɗana, na tofar. To amma tambaya ba ta san nisa ba. Bismillah.

TAMBAYA: Mushe, ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise. Malaminmu ya ce masana sun san ranar da aka yi wata babbar girgizar ƙasa a Amurka a 1700, har da sa'arta, alhali lokacin babu na'urar awo, mutanen wurin kuma ba sa rubutu. Ya ce wai ruwan teku ne ya tona asirin a Japan. Na ba babana labari, ya ce shaci-faɗin Nasara ne. Don Allah wa ke da gaskiya? (Wata ɗaliba, unguwar Zariya, Maraɗi)

AMSA: Ɗiyata, ina amsawa. Ƴan'uwanmu na Najeriya masu karanta mu, kada ku firgita: mushe a wajenmu malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ba abincin ungulu ba.

Malaminki ya faɗi gaskiya. Babanki ma bai yi laifi ba da ya ƙi karɓar magana ba shaida. Ki gaishe shi, ki ce ya gyara zama kamar alƙali, ga shaidu nan zan shigo da su ɗaya bayan ɗaya. Amma sai mun fara sanin abin da ke haifar da irin wannan ruwa, in ba haka ba maganarsu ba za ta shiga ba.

Ɓawon duniyar nan da muke takawa kamar tsohuwar ƙwarya yake, wadda ta fashe gida-gida gyartai ya ɗinke. Bambancin kawai, kowace sakaina tana motsi, santimita kaɗan a shekara, kwatankwacin tsiron farcenki. A wasu wuraren ɗinkin, sakaina ɗaya tana kutsawa ƙarƙashin ƴar'uwarta. Ba ta shiga salin-alin. Cijewa take yi, ta riƙa jan leɓen ta sama tana tanƙwara shi, kamar yaro ya ja reshen bedi zai tsinki ganye. Shekara ɗari, ɗari uku, ɗari biyar, ana ja. Ranar da riƙon ya kasa, leɓen ya ƙwace ya koma mazauninsa cikin ƴan mintoci. Girgizar ke nan. In leɓen a ƙarƙashin teku yake, sai ya ɗaga duk ruwan da ke kansa, tun daga gindi har sama.

Lokacin da nake aji nakan sa a kawo baho cike da ruwa, in ɗaura wa murfin tukunya igiya in nutsar da shi. In kira yaro mafi ƙarfin huhu ya hura ruwan iya ƙarfinsa. Sai saman ruwa ya ɗan yi rawa, shi ke nan. Wannan shi ne raƙumin ruwa na iska, wanda ake gani kullum a bakin teku. Sannan in fizgi murfin sama, yatsa uku kacal. Ruwan gaba ɗaya ya yi tozo, ya bazu, ya tsallake bakin baho. Wata shekara ya wanke wa sufeton makarantu takalma, yana zaune a bencin gaba yana rubuta mini maki. Bai ji daɗi ba. Amma ƴan ajin nan, yau wasunsu da furfura, in mun haɗu a kasuwa sai sun tuna mini.

A tsakiyar teku, inda zurfi ya kai mita 4,000, wannan tozon yana gudun kusan kilomita 700 a awa, wato Maraɗi zuwa Yamai awa guda. Amma tsayinsa a can sau da yawa bai kai mita ɗaya ba, jirgin ruwa zai haye shi bai sani ba. Sai ya iso inda ruwa ba zurfi, gabansa ya rage gudu, bayansa ya tarar da shi, ya taru ya hau tudu. Shi ya sa Japanawa suka sa masa suna tsunami: "tsu" mashigar jiragen ruwa, "nami" raƙumin ruwa. A gida ake ganin ɓarnarsa.

Abu ɗaya nake so ki riƙe da kyau, don shi ne mabuɗin labarin. In leɓen ya ƙwace ya yi sama, ƙasar da ke bayansa, wato gaɓar da mutane ke zaune, wadda ta daɗe a kumbure saboda jan, sai ta zauna, ta sauka mita ɗaya ko biyu nan take. An ga haka da ido a Cile a 1960 da Alaska a 1964: dazuzzuka da makiyaya suka wayi gari ruwan gishiri na shiga musu, itatuwa suka bushe a tsaye.

To ga shaida ta farko, laka.

Ina ɗan shekara goma sha biyu, kawuna maginin rijiya ya sauke ni cikin wata rijiyar lambu da yake haƙa a fadamar Gulbi, ƙasan tsohon gari. Ba a ko kai gaba guda ba. Ya kankare bango da bakin dagi ya ce in duba. Sama laka ce mai santsi. Ƙarƙashinta wani layin yashi mai tsakuwa, kaurinsa kamar tafin hannu. Ƙarƙashin yashin kuma baƙar ƙasa mai toka da gawayi, ga tsingaro a maƙale. Ya zaro tsingaron ya miƙo mini. Bakin tukunya ne, har da shatar yatsan wadda ta gina ta. Ya ce, "Nan wata ta tuƙa tuwo. Wanga yashi na bisa kuwa, Gulbi ya kawo shi dare ɗaya." Kawu bai taɓa leƙa lakwal ba. Ya san dai ruwan 1945 ya ci tsohon Maraɗi da ke cikin kwari, har aka tashi gari aka mai da shi bisa tudun nan da muke yanzu. Ya kuma san yashin da ruwa mai gudu ya watsar daban yake da lakar da kwantaccen ruwa ke ajiyewa sannu-sannu.

Abin da kawu ya yi da dagi, shi wani masanin ƙasa Ba'amurke mai suna Brian Atwater ya yi da shebur da kwalekwale, daga 1986, a bakin kogunan jihar Washinton, arewa maso yammacin Amurka. A gaban wannan gaɓar akwai ɗinki mai tsawon kilomita 1,000 da ɗoriya, daga arewacin Kalifoniya zuwa tsibirin Bankuba na Kanada, ana ce masa Kaskadiya. Tun da Turawa suka zauna a yankin suna rubuce-rubuce ba a taɓa jin ya yi babban motsi ba, har wasu masana suka ɗauka lafiyayye ne. Ashe kwanton ɓauna yake.

Atwater yakan jira teku ya janye, ya kankare gaɓar kogi. Sai ga ƙasar fadama a binne, ciyayinta na nan a tsaye da saiwoyinsu yadda suka tsiro. A kanta siririn layin yashi. A kan yashin, lakar teku. Da sannu-sannu ƙasar ta nutse, da an ga fadama tana rikiɗa laka kaɗan-kaɗan. Nan kuwa iyakar a yanke take kamar da wuƙa. Yashin kuma ya fi kauri ta wajen teku, yana sirancewa in an nufi tudu, alamar daga teku ya taso, kogi bai gangaro da shi ba. A wasu wurare an tarar da murhun mutanen da, da tokarsa, yashin ya rufe shi, sak irin abin da kawu ya nuna mini. Kuma shimfiɗar ba ɗaya ba ce. In an ƙara haƙa sai a sake tarar da wata fadamar a binne, da wata a ƙarƙashinta. A 1987 ya buga sakamakon. Lissafin shimfiɗun ya nuna abin yakan dawo kamar bayan shekara 500, wani lokaci ya yi sauri, wani lokaci ya yi jinkiri. Ki auna da kanki: santimita 4 a shekara sau 500, mita 20 ke nan. Kusan haka masana suka ƙiyasta zamewar da aka yi a karon ƙarshe.

Shaida ta biyu itatuwa ne. A bakin wani kogi mai suna Copalis akwai kututturan wani itace da ake kira sida, a tsaye cikin fadamar gishiri, sun yi fari fat, ba ganye ba ɓawo. Itacen ba ya tsira a ruwan gishiri, kuma ba ya saurin ruɓewa. In an gan shi tsaye a ciki, to ƙasa ce ta sauka da shi yana raye. Aka auna sinadarin kabon da ke jikin matattun tsirran, awo ya ce sun mutu tsakanin 1680 da 1720. Nan binciken ya tsaya cak. Laka da kabon suna iya ba da zamani, amma ba su san kwanan wata ba.

Shaida ta uku tana can ƙetaren tekun Fasifik, ba ta ma san ana shari'a ba.

Japanawa mutane ne masu rubuta kome, har asarar buhun shinkafa. A takardun hakimansu da ƴan kasuwarsu akwai labarin wani ruwa da ya hau gaɓa ran 8 ga wata na 12, shekara ta 12 ta zamanin Genroku a kalandarsu, wanda ya yi daidai da daren 27 wayewar 28 ga Janairun 1700. A garin Kuwagasaki da tsakar dare ya shiga, ya rushe gidaje 13, gobara ta tashi ta cinye 20, hukuma ta raba wa mutane shinkafa ta rubuta. A Otsuchi ya lalata gidaje da wuraren dafa gishiri. A Nakaminato wani jirgi ɗauke da dami 470 na shinkafa ya kasa shiga bakin kogi saboda haukan ruwa, ya bugi dutse, mutum biyu suka rasu. A Tanabe, can kudu, ya shiga rumbun hukuma da gonaki. Gaɓa ce ta kusan kilomita 1,000, ruwa ya hau mita 1 a wani wuri, ya kusa 5 a wani. Wanda ya fi burge ni shi ne mai garin Miho. Ya ga teku yana cika yana janyewa har sau bakwai, ya tura tsofaffi da yara tudu, sannan ya zauna ya rubuta mamakinsa: an san irin wannan ruwa bayan girgizar ƙasa yake zuwa, ga shi ba wanda ya ji ƙasa ta motsa, a garin ko a kewaye. Bai ƙirƙiro dalili don ya cike gurbi ba. Abin da ya gani ya rubuta, ya bar tambayar a buɗe. Allah Ya ba mu masu gari irinsa.

Ruwa ya zo, ba a san uwarsa ba, shi ya sa daga baya aka ce masa maraya. Abin da ya buɗe wa Japanawa ido kan irin waɗannan marayu shi ne girgizar Cile ta 22 ga Mayun 1960, mai maki 9.5 a ma'aunin girgiza, mafi ƙarfi da na'ura ta taɓa aunawa. Ruwanta ya ƙetare Fasifik cikin kamar awa 22, ya kashe mutum wajen 140 a Japan, ba tare da kowa ya ji motsin ƙasa a can ba. Sai masanansu suka koma tsofaffin takardu suna haɗa kowane maraya da uwarsa: na 1687 daga Peru, na 1730 daga Cile. Na 1700 ya rage ba mai shi. A Peru da Cile Sifaniyawa na nan suna rubutu a lokacin, ba su ambaci wata babbar girgiza a wannan watan ba.

A 1996 wani masani Bajapane, Kenji Satake, da abokan aikinsa suka ce, ga uwa can a Kaskadiya tana neman ɗa, ga ɗa nan yana neman uwa. Suka yi lissafi baya-baya. Daga gaɓar Amurka zuwa Japan ruwa na buƙatar kamar awa 10. In ya isa Kuwagasaki tsakar dare, to ya taso ne wajen ƙarfe 9 na daren 26 ga Janairu, agogon can. Kuma kafin ya yi wannan tafiya ya iso da sauran ƙarfin rushe gida, sai girgizar ta kai maki 9, wato ɗinkin ya ɓarke kusan daga farkonsa har ƙarshe. A agogonmu wajen ƙarfe 6 na safiyar 27 ne, cikin hunturu, a watan Sha'aban na 1111, shekara 54 kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Sarautar Katsina tana Birnin Katsina tukuna.

Magana ta yi daɗi, amma alƙali nagari ba ya yanke hukunci don magana ta yi daɗi. Aka koma wa itatuwan. A ƙasashen sanyi itace na ƙara zobe ɗaya a cikinsa kowace shekara, mai faɗi a shekarar daɗi, siriri a shekarar wuya, kamar yadda Bafulatani kan dubi zoben ƙahon saniya ya gaya miki haihuwarta nawa. In aka jera zoben mataccen itace da na tsohon itacen da aka san shekarar sare shi, sai a ga inda suka dace, a san shekarar kowane zobe. Matsalar ita ce iska da ruwan sama sun cinye zobban waje na kututturan. Sai masanin zoben itace David Yamaguchi da abokansa suka tono saiwoyi, inda laka ta adana ɓawo. Kusan dukan itatuwan da suka gwada, zobensu na ƙarshe na 1699 ne, cikakke, na 1700 kuwa bai fara ba. Ke nan sun mutu tsakanin ƙarshen tsiron 1699 da farkon na 1700. Janairu na tsakiya. A 1997 aka buga wannan.

Sai gyara ɗaya ga maganarki, ɗiyata. Kin ce mutanen wurin ba sa rubutu. Haka ne, amma suna da kaka da kakanni. A 1964 aka ɗauki muryar wani dattijo, Louis Nookmis, sarkin mutanen Huu-ay-aht na tsibirin Bankuba, yana ba da labarin da ya gada: ƙasa ta girgiza da dare, ruwa ya share mutanen da ke zaune a gaɓar teku ta Pachena, waɗanda gidajensu ke kan tudu suka tsira. Da dare, in ji shi, shekara 32 kafin lissafin Satake ya ce ƙarfe 9 na dare. Labarin na nan tun tuni, masu ilimin boko ne suka ɗauke shi tatsuniya.

Abin da za ki gaya wa babanki ke nan. Sa'ar dai lissafi ce, tana iya gociya kaɗan gaba ko baya. Ranar kuwa ta zauna daram. Mai garin Miho bai san da itacen Copalis ba, itacen bai san da dattijon Bankuba ba, laka kuma ba ta karɓar cin hanci. Ba yadda za a yi su haɗa baki.

TAMBAYA: Malam, a teburin shayina an yi gardama. Wai duk girgizar da aka yi cikin teku sai ta kawo tsunami? (Mai shayi, kusa da tashar mota, Tasawa)

AMSA: A'a, ɗan'uwa. Koma wa bahon nan. In ka ja murfin gefe, yana goga gindin baho, ruwa ba ya tashi. Ran 11 ga Afrilun 2012 an yi girgiza mai maki 8.6 a tekun yammacin Sumatra ta Indunusiya, mutane suka gudu tudu da tunanin babban ruwan da ya ci yankin a 2004, amma ruwan da ya zo kaɗan ne, don ƙasar gefe da gefe ta goga.

Akwai kuma akasin haka, girgiza matsakaiciya ta kawo babban ruwa ta bayan gida. Ran 18 ga Nuwamban 1929 aka yi mai maki 7.2 a tekun Atlantika, kudu da tsibirin Newfoundland na Kanada ta yau. Bayan kamar awa biyu da rabi ruwa ya hau ƙauyukan masunta, mutum 28 suka rasu. Wanda ya ba da shaida a nan wayar tangaraho ce. Wayoyi 12 da aka shimfiɗa a gindin teku tsakanin Turai da Amurka suka tsinke, kamfanonin kuma sun rubuta lokacin da kowace ta ɗauke. Na kusa sun tsinke nan take, sauran bi da bi, ana gangarawa, har awa 13. A 1952 masana biyu, Bruce Heezen da Maurice Ewing, suka jera lokutan, suka ga ashe gangaren ƙarƙashin teku ne ya zabtare, laka da yashi suka kwararo suna yanke wayoyi a hanya. Zabtarewar ce ta tura ruwan. In ka taɓa ganin gaɓar Gulbi ta faɗa ruwa da damina, ka ga ƙaramin samfurinsa. Dutse mai aman wuta ma yana yi: Krakatau a Indunusiya, 27 ga Agustan 1883, sama da mutum 36,000, akasarinsu ruwa ne ya ci su. Wanda ya ci gardamar ya biya wa sauran shayi.

TAMBAYA: Malam, girgizar ƙasa da ambaliya ikon Allah ne da jarrabawarSa. Tone-tonen sababinsu ba shisshigi ba ne? (Wani malamin allo, Tibiri)

AMSA: Allah gafarta Malam, a wannan fage ni almajirinku ne, ba zan ja da ku ba cewa kome da ikonSa yake faruwa. Sai dai ruwan sama ma ikonSa ne, bai hana manomi duban gabas ya ga ko hadari ya haɗu ba. Zazzaɓi ikonSa ne, mun kuwa rataya gidan sauro. Malam ya fi ni sanin ayar Suratul Ankabut da ke umurni a yi tafiya cikin ƙasa a duba yadda aka fara halitta. Ni a ganina mai shebur ɗin can abin da yake yi ke nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Irin wannan gardama Turawa ma sun yi ta. Ran 1 ga Nuwamban 1755, Shehu yana goye, girgiza ta rushe Lisbon babban birnin Fotugal, ranar idinsu, mutane na cikin coci. Waɗanda suka tsira suka gudu fili a bakin ruwa, teku ya janye, ya dawo ya same su a can. Ruwan ya bugi Kadis ta Sifaniya da gaɓar Maroko, ya ƙetare har tsibiran Karibiyan. Limamansu suka yi ta wa'azin azaba ce. Wazirin ƙasar, wanda aka fi sani da Pombal, bai hana wa'azi ba, amma ya aika wa limaman kowace gunduma takardar tambayoyi: girgizar ta daɗe kamar yaya, teku janyewa ya fara yi ko cika, ya hau kamu nawa, ƙasa ta tsage, wani sabon marmaro ya ɓullo? Limaman suka amsa a rubuce, amsoshin na nan a ajiye. Da su masana ke aiki har yau, suna muhawara kan wanne ne daga tsagogin da ke gindin teku kudu maso yammacin Fotugal ya yi wannan aiki. Da ba don waɗancan limamai sun zauna sun ƙirga kamu ba, da ba abin da za a yi muhawarar a kai.

TAMBAYA: Malam, ina wuni. Yaron gidan nan direban babbar mota ne, yana zuwa Lome ɗaukar kaya. An turo mana murya a WhatsApp wai ranar Juma'a teku zai tashi ya cinye garuruwan bakin ruwa, har ya iso ƙasar Hausa. Kwana uku ban yi barci ba. (Wata uwa, unguwar Bagalam, Maraɗi)

AMSA: Hajiya, lafiya lau. Tun da kika ce "yaron gidan nan" na gane ɗan fari ne, Allah Ya raya shi. Ki kwanta ki yi barcinki. Duk duniya ba mai iya faɗin ranar da ƙasa za ta girgiza. Cibiyoyin gargaɗi na gaske sai girgiza ta auku suke shela, su ce ruwa zai iso wuri kaza ƙarfe kaza. Duk muryar da ta yanka miki rana tun kafin a yi, ƙarya ce, kada ki tura wa kowa.

Batun isowa nan kuwa, tsakaninmu da teku ya fi kilomita 800, kuma mun fi shi tudu da sama da mita 300. Tsunamin Japan na 2011, da duk girmansa, inda ya fi kutsawa cikin ƙasa bai wuce kamar kilomita 10 ba. Teku ya taɓa kwanciya a ƙasar nan, gaskiya ne, farin dutsen da ake siminti da shi a Malbaza a ƙarƙashinsa ya taru, amma wannan zancen shekara miliyan 60 ne, kuma da rarrafe ya zo, da rarrafe ya koma.

Lome ma tana cikin sauƙi. Gaɓar Afirka ta Yamma a tsakiyar sakaina take. Ɗinkin yana can tsakiyar Atlantika, kuma buɗewa yake yi, ba mai kutsawa ƙarƙashin wani. Ƙasa takan ɗan motsa jefi-jefi, Akara ta sha girgiza a 1939, amma abin da ke cin gidajen bakin ruwa a Lome da Kwatano zaizayar kullum ce.

Duk da haka ki gaya masa abu biyu, tun da sana'arsa ta yawo ce. In yana bakin teku ko'ina ya ji ƙasa ta girgiza ta daɗe, ko ya ga ruwa ya janye nesa har kifi na tsalle a yashi, kada ya tsaya ɗaukar hoto ko tsintar kifi, ya nemi tudu ko saman dogon bene da ƙafa. Kuma kada ya sauko don na farko ya wuce, na biyu ko na uku yakan fi shi. Mutanen tsibirin Simeulue a Indunusiya iyayensu sun bar musu wannan wasiyya tun ruwan 1907, suna ce masa "smong", ana saka shi har a waƙar reno. A ranar 26 ga Disamban 2004, da ruwa ya kashe mutum wajen 230,000 daga Indunusiya har Somaliya, su da ke dab da inda abin ya tashi, mutum bakwai suka rasa cikin sama da 70,000. Ni dai da za ki bi tawa, addu'arki ki fi karkata ta kan hanya da gyangyaɗin dare. Gida kuma a duba magudanar ruwa da gindin katanga kafin damina, Bagalam ba ta da nisa da kwari.

Sai roƙona gare ku. Waɗanda suka ga ruwan 1945 da wayonsu sun kusa ƙarewa, amma akwai waɗanda suka ji daga bakinsu. In kuna da tsohuwa ko tsoho a gida, ku zauna da su bayan la'asar. Ku tambaya da dare ruwan ya shigo ko da rana, daga wane gefe, ya kai gwiwa ko ƙirji, a gindin wace bishiya ya tsaya, ina aka kwana ranar. Ku rubuta yadda suka faɗa, kada ku gyara musu Hausa, ku sa sunan unguwa, ku aiko wa mujalla. Na riga na samo biyu daga unguwar Mokoyo, kuma sun saɓa kan lokacin, shi ya sa nake neman na uku.

Mai tambaya kan dalilin da ke sa ramukan zinariya irin na Ɗan Isa ke ruftawa, takardarka ta iso, sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.